Tattalin fetur da ya kusa ja mini da-na-sani

Na san wasu za su yi mamakin ganin zancen mota a inda aka saba ganin zancen zazzaɓin cizon sauro da hawan jini da yayen yara. Ku yi mini haƙuri ku bi ni zuwa ƙarshe. Zancen mota ne, amma a kantin magani ya faro, kuma saura ƙiris ya ƙare a gadon asibiti har sau biyu.

Muna da wata tsohuwar bas fara ƙirar Hiace, 'yar Kwatano, wadda ni da maigidan muka haɗa kuɗi muka saya a 2021. Da ita muke kai magani daga kantina da ke Dawaki zuwa wasu ƙananan asibitoci a Kumo da Deba da Dadin Kowa. Da safe kafin ta fita aiki ita ke sauke yarana uku da na maƙwabta biyu a makaranta. Ranar Asabar kuwa ta dangi ce: kai amarya, zuwa suna, gaisuwar rasuwa. Duk wanda ya taɓa ajiye bas a ƙofar gida ya san abin da nake nufi. Direbanmu dattijo ne da ya kusa sa'an mahaifina. Ya yi sama da shekara 30 yana jan motar haya tsakanin Gombe da Bauchi da Yola kafin ya gaji da dogon zango ya dawo wurinmu. Baba muke ce masa, har yaran.

Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai. Litar da gidajen man gwamnati ke sayarwa ƙasa da naira 200 ta koma sama da 500 cikin kwana biyu, a watan Yuli ta haura 600, kafin ƙarshen 2024 kuma ta tsallake 1,000. Ba sai na tsaya ba ku wannan labarin ba, babu gidan da bai ɗanɗana ba. A wurina dai, kuɗin man da a da nake rubutawa can ƙasan takarda tare da kuɗin leda da ruwan sha, shi ne ya dawo yana gogayya da albashin ma'aikatana.

Abin da na yi shi ne abin da yawancin masu mota suka yi. Na yanke wa Baba kuɗin mai na mako, na ce, "Baba, wannan shi ne na sati, don Allah a lallaɓa ya kai Asabar." Ya ce, "Ba komai Hajiya, za a san yadda za a yi." Ban tambaye shi yadda za a yin ba. Ni da nake tsare mutum a gaban kanta minti biyar ina nanata masa cewa sau uku a rana na nufin duk bayan awa takwas, ni ce na miƙa wa mutum umarni ba awo ba bayani, na juya na ci gaba da harkokina.

A ƙarshen Afrilun 2024 aka shiga wahalar mai a faɗin ƙasa, ga kuma zafin Gombe na wannan lokacin da ba sai an faɗa ba. Wata ranar Talata Baba ya tashi wajen ƙarfe tara zai kai kaya Kumo. A cikin kayan akwai kula mai ɗauke da kwalaben insulin, allurar masu ciwon suga. Ƙa'idar insulin ɗin da ba a buɗe ba ita ce ya zauna tsakanin digiri 2 zuwa 8, shi ya sa muke jera masa robobin ƙanƙara a cikin kula, da lissafin cewa tafiyar ba za ta kai awa ɗaya ba. A hanyar fita gari Baba ya hango wani gidan mai yana bayarwa, kuma farashinsa ya ɗan fi na sauran sauƙi. Ya bi layi. Layin bai kai shi bakin famfo ba sai bayan Azahar. Duk tsawon lokacin motar na cikin rana, gilasai a rufe don gudun masu ɗauke-ɗauke, shi kuma yana gindin bishiya tare da sauran direbobi, sai layi ya motsa ya zo ya matsa gaba. Wanda ya san Hiace ya san injinta a ƙarƙashin kujerun gaba yake, kuma a kan wannan tudun mai ɗumi na bayan direba aka ɗora kular don kada ta kife. Da la'asar ya isa Kumo. Wanda ya karɓi kayan ya zuba kwalaben a firji, ya sa hannu a takarda, kowa ya kama gabansa.

Bayan kamar kwana goma ma'aikacin asibitin ya kira ni. Ya ce akwai wata Hajiya da ta yi shekaru tana allurar nan lafiya ƙalau, amma kwanan nan sugarta ta ƙi sauka, ga ƙishirwa, ga yawan fitsarin dare, har likita ya ƙara mata yawan abin da take yi amma shiru. Na yi tambayoyin da aka saba. Ko ta canza abinci? Ko tana da miki ko zazzaɓi? Ko wuri ɗaya take ta tsirawa har fatar ta yi tauri? Duk a'a. Sai ya ce, "Af, akwai ma wani malamin makaranta, shi ma haka yake ƙorafi." A nan gabana ya faɗi. Ruwa ba ya tsami banza. Mutum biyu da ba gida ɗaya suke ba, abin da ya haɗa su kawai kwalbar da ta fito daga hannuna.

Da na tambayi Baba yadda tafiyar ranar ta kasance, bai ɓoye mini komai ba. Da fara'arsa ma ya ba ni labari, don a ganinsa abin yabo ya yi. Na buga lissafi, abin da ya rage mana a wannan layin bai kai naira 3,000 ba. Kwalba ɗaya ta insulin ta fi haka, mu kuwa duka muka janyo muka lalata, muka mayar da sababbi ba tare da karɓar ko kwabo ba. Garin neman ƙiba an samo rama.

Asarar kuɗin ba ita ta hana ni barci ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne an riga an ƙara wa Hajiyar nan yawan allura don a cike gurbin maganin da ya yi rauni. Da an miƙa mata sabuwar kwalba mai cikakken ƙarfi ta ci gaba da sabon adadin, sugarta na iya faɗuwa warwas cikin dare: rawar jiki, gumi, jiri, daga nan sai suma. Na kira likitan da kaina, aka mayar da ita kan adadinta na da, aka riƙa gwada ta safe da yamma. Cikin kwana uku ta daidaita. Har yau idan na tuna ina jin wani abu ya tsaya mini a ƙirji.

Don kada in tsorata masu ciwon suga da ba su da wuta a gida, insulin ba shi da rakin da ake zato. A 2021 ƙungiyar likitocin nan ta MSF da Jami'ar Geneva sun fitar da sakamakon wani bincike da aka gina kan yanayin sansanin 'yan gudun hijira na Dagahaley a arewacin Kenya, inda zafin ɗaki ke kai-komo tsakanin digiri 25 da dare zuwa 37 da rana. Sun samu insulin ya riƙe ƙarfinsa tsawon mako huɗun da aka saba amfani da kwalbar da aka buɗe. To amma ɗaki daban, rufaffiyar mota daban. Ranar da zafin waje ya kai 40, cikin motar da aka bari a rana yakan haura 55 kafin awa ɗaya ta cika. Kuma mugun abin shi ne maganin na iya rage ƙarfi ba tare da ya canza kala ba. Wannan bai tsaya ga masu kantin magani kaɗai ba. Ki duba kwalin maganin yaranki, galibi za ki ga an rubuta a ajiye ƙasa da digiri 30, wasu ma 25. Sirop ɗin da kika sayo da safe kika bari a kujerar baya kika shiga kasuwa har la'asar, da abin shaƙar mai asma da ke kwana a aljihun gaban mota, da maganin matsi da ke narkewa kamar man shanu, duk hukuncinsu ɗaya.

Da ni mai saurin ɗaukar darasi ce, da tun a nan na zauna da Baba. Sai kawai na kafa dokar kula na yi shiru a kan sauran.

Bayan 'yan makonni muka je suna Bauchi, mota cike da mata da yara, ni ina gaba da ƙaramar 'yata a cinya, abin da ni kaina nake hana mutane. Wanda ya san Gombe ya san garin a kwari yake, idan ka fito daga Bauchi ka wuce Tumfure gangarowa za ka yi ta yi har cikin gari. Muna fara gangaren sai na ji motar ta yi tsit, ana jin hirar 'yan baya tar kamar a falo. Ban gane ba sai da na ga fitilun gaban direba sun kunno ja. Baba ya kashe injin. Kafin in buɗe baki wani mai Keke Napep ya faɗo titi daga gefe. Baba ya taka birki, ya saki, ya sake takawa, a na uku sai na ga ya ɗago daga kujera ya miƙe a kan birkin da dukan nauyinsa. Muka tsaya, tsakaninmu da keken bai fi kamu ɗaya ba. Mata suka ɗauki salati. 'Yata ta bugi goshi, ta yi ƙulu, Allah Ya taƙaita a nan.

Daga baya bakanikenmu ya yi mini bayanin abin da ya faru. Taushin da muke ji idan mun taka birki ba ƙarfin ƙafarmu ba ne, akwai wata tukunya a bayan abin takawar da ke aron zuƙar iskar inji tana ninka ƙarfin ƙafa. Idan inji ya mutu, abin da ya rage a tukunyar na taku biyu ne ko uku, daga nan birki ya koma kamar dutse. Sitiyari ma ya yi nauyi, idan kuma aka murɗa makulli ya wuce wuri yana iya kullewa gaba ɗaya ana cikin tafiya. Abin takaicin, duk wannan kasadar ba ta da ribar da ake zato. A mota mai injekta irin tamu, idan kana gangara ka bar ta a giya ka ɗage ƙafa daga totur, kwamfutar injin da kanta take yanke mai, tayoyi ne ke juya injin, kuma injin na taya ka riƙe motar. Idan ka sa ta a firi kuwa dole ta ci gaba da shan mai don kada ta mutu. Dabarar sakin mota a gangare gadon zamanin kafireto ce, ta bi direbobinmu har zuwa motocin da ba sa bukatarta.

Yi wa dattijo gyara a kan sana'arsa ba abu ne mai sauƙi ba. Washegari na bari sai da ya sha shayinsa, na ce, "Baba, da izininka zan yi tambaya a kan abin jiya." Ya ce, "Hajiya, tun kina zanen goyo nake sauka wannan gangaren." Na fara kawo masa zancen tukunyar birki, ya ɗaga mini hannu. Ya ce, "Duk na san wannan. Kuɗin da kike bayarwa ne ba ya kai Asabar. Sau nawa ina cikawa daga aljihuna ranar Juma'a, ina jin nauyin in faɗa miki."

Kunya ta rufe ni. Adadin da na yanke masa ban auna komai ba na yanke shi, abin da nake jin zan iya fitarwa ne kawai. Kuma tun daga lokacin farashi ya tashi ya fi sau ɗaya ban ƙara ba. Na ɗora wa bawan Allah lissafin da ba ya fita, shi kuma ya fitar da shi ta hanyar da ya iya, da insulin ɗin mutane da rayukan 'ya'yana a ciki.

A ranar na sayi littafin rubutu irin na 'yan firamare na ajiye a motar. A aikinmu ba a ƙara wa mai hawan jini magani sai an auna shi, to ita ma motar sai a auna ta. Hanyar ba wuya. A cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, a rubuta lambar kilomita da ke gaban direba. A yi ta aiki kamar kullum. Ranar da aka koma gidan mai a sake cikawa, a rubuta lita nawa ta sha da sabuwar lambar. A raba kilomitar da aka yi da litar da aka zuba. Wahalarsa ɗaya, cika tanki a karon farko yana cin kuɗi, amma man naka ne, ba inda zai je. Masu sayen na dubu biyar yau na dubu uku gobe ba za su taɓa sanin abin da motarsu ke sha ba, sai dai zargi: maigida na zargin direba, direba na zargin gidan mai. Awonmu na wata guda ya nuna kilomita 7 a kowace lita. A kan wannan na sake yanke kuɗin mako, ya kusa ninka na da. Sannan muka shiga neman inda man ke zurarewa.

Babbar ɓarakar ba a injin take ba, a wurina take. Da na karanta littafin sai na ga a mako guda motar ta je Kumo sau uku, sau biyu a ciki saboda kwali ɗaya ko biyu. Ta je Tudun Wada ta dawo, bayan awa ɗaya ta koma saboda na manta saƙo. Duk wanda ya kira ya ce yana so yanzu-yanzu sai in ce Baba tashi. Na zauna na raba ranaku: Kumo rana guda a mako, Deba da Dadin Kowa rana guda, aiken cikin gari kuma a tara shi a fita sau ɗaya bayan an sauke yara. Na sanar da asibitocin su riƙa turo bukatunsu kwana ɗaya kafin ranarsu. Sun yi gunaguni na mako biyu suka saba. Abin gaggawa na gaske, irin maganin da rai ya rataya a kai, wannan ba a jira da shi ko nawa man zai ci. Gajerun tafiye-tafiyen nan sun fi kowanne ci, domin injin da bai yi ɗumi ba ya fi shan mai, kuma kafin ya yi ɗumin an riga an isa an kashe.

Daga nan sai ɗumama mota da safe. Baba ya saba tun zamanin tasha ya tayar da ita ya bar ta tana ruri minti 15 yana goge gilashi. Motar da ke tsaye tana aiki kilomita sifili take yi a kowace lita. Injin zamani rabin minti ya ishe shi, sauran ɗumin a kan hanya yake samu idan aka tafi a hankali. A nan ma akwai zancen lafiya da ya fi na kuɗi. Gidajenmu na Dawaki a matse suke, motar a cikin gida take kwana, kuma sai a lokacin na lura salansarta tagar ɗakin yara take kallo. Hayaƙin fetur na ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da kala ba ta da wari, kuma ta fi iskar da muke shaƙa saurin kama jini fiye da sau 200. Ita ce dai ke kashe iyali guda a dare ɗaya idan an kwana da janareta a cikin gida. Kaɗan daga cikinta kan sa ciwon kai da jiri da kasala, mu kuma mu ce yaro ba ya son makaranta. Yanzu ana tayarwa ake fita da ita. Haka a ƙofar makaranta ko asibiti, idan jiran zai wuce minti ɗaya a kashe, a nemi inuwa, kuma ba a barin yaro a ciki ko da na shiga in fito ne.

Zancen gudu shi ne inda muka fi jan daga da Baba, don direban dogon zango ba ya son a wuce shi. Bas kamar akwati take, ƙirjinta faffaɗa, iska take turawa, kuma idan gudu ya ninka, turjiyar iskar sau huɗu take ninkawa. Dokar hanya ta Najeriya ta kayyade wa bas kilomita 50 a awa a cikin gari, 80 a babbar hanya. Na ce Baba mu yi lissafi. Tafiyar kilomita 40 a gudun 100 minti 24 ce, a gudun 80 minti 30. Minti shida ke nan, ba su kai a sha shayi ba. Ya yi dariya ya ce sannu ba ta hana zuwa. A cikin gari kuwa ba gudun ba ne matsalar, figa da tsayawa ne. Daga shataletale zuwa shataletale, ga 'yan acaɓa ga masu keke, duk man da ka ƙona ka figi mota birki ne zai cinye shi bayan taku kaɗan. Hangen nesa, ɗage ƙafa da wuri, canza giya kafin inji ya fara kuka, wannan Baba ya fi ni sani nesa ba kusa ba. Da ma can ya iya, ganin lambobi a littafi ne ya sa ya mayar da abin gasa da kansa.

Sauran ƙananan abubuwa ne. Mun sauke ƙarfen ɗora kaya da ke saman motar, wanda sai ranar kai amarya ake bukata amma shekara uku yana tare iska. Mun kwashe tarkacen da ke baya, har da tsohon batir da buhun siminti da ya daskare. Na sayi ma'aunin iskar taya na hannu, domin mai faci da yatsa yake ƙwanƙwasawa ya ce ta yi. Adadin da ya dace yana cikin littafin mota, galibi kuma an manna shi a jikin ƙofar direba, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta yi zafi. Tayar da ba ta da isasshiyar iska tana jan mai, tana kuma yin zafi har ta fashe. Juyen baƙin mai a kan lokaci, da duba matacin iska musamman lokacin hunturu da ƙura. Wani ya kawo mini tallan wasu ƙwayoyi da ake jefawa a tanki wai suna rage shan mai da rabi. Na tambaye shi abin da nake tambayar masu tallan maganin da ke warkar da cuta arba'in: wa ya gwada, ina sakamakon? Bai dawo ba.

Na'urar sanyaya mota tana cin mai, wannan gaskiya ne, ba zan ce muku ba ta ci ba. Da sanyin safiya a cikin gari muna sauke gilashi. Amma idan akwai magani a baya ko yara da tsakar rana a watan Maris, a kunna, na ɗauke wa Baba wannan lissafin. Kular insulin kuma yanzu tana da ma'aunin zafi a ciki, ba ta hawa kan tudun inji, kwalabe ba sa taɓa ƙanƙara kai tsaye don daskarewa ma na lalata su, ita ake fara saukewa, kuma wanda ya karɓa sai ya rubuta abin da ma'aunin ya nuna kafin ya sa hannu. Ranar kai kaya ba a shiga gidan mai. Tun jiya ake sha.

Akwai abu ɗaya da na hana kwata-kwata, shi ne jarka da tiyo. Lokacin wahalar mai na tarar da yaron kantina ya zura tiyo a tankin motar yana zuƙa da baki zai ɗebar wa janareta. Kusan kowa ya taɓa ganin ana haka, har mun daina ganin haɗarinsa. Fetur idan ya kuskure ya bi hanyar numfashi, ɗan kaɗan ya isa ya ƙona huhu, kuma alamun na iya jinkirta awanni kafin tari da haki da zazzaɓi su bayyana. Iyaye mata ku riƙe wannan, don yara kan sha fetur ko kananzir da aka zuba a robar lemo: kada a sa wanda ya sha ya yi amai, kada a ɗura masa manja ko madara. Aman ne ke dawo da shi ya faɗa huhu. A cire masa kayan da suka jiƙe, a wanke fatar da ruwa da sabulu, a kai shi asibiti ko da ya ce garau yake ji. Ita kuwa jarkar fetur a cikin rufaffiyar bas mai ɗaukar yara, tururinta kaɗai ya isa, balle a zo ga zancen gobara.

Bayan wata uku littafin ya nuna kilomita 9 a lita. Ga wanda bai saba ba sai ya ga 7 da 9 ba wani abu ba ne, amma a tafiyar kilomita 1,000 bambancin ya haura lita 30, ban da tafiye-tafiyen da muka daina yi gaba ɗaya. Na yi wa Baba alkawarin kashi ɗaya cikin uku na duk abin da aka rage nasa ne, da sharaɗi biyu: inji ba ya mutuwa a gangare, kula ba ta jiran layi. Dangi ma yanzu idan an zo aron mota ranar Asabar littafin ake buɗewa, a rubuta lamba a tafi, a dawo a rubuta. Wata gwaggon maigidan ta yi fushi ta ce abin har ya kai haka, ta yi wata biyu ba ta amsa gaisuwata da kyau.

Makon jiya na isa kanti na tarar na manta tabarauna a gida. Tsohuwar ɗabi'a ta motsa, na leƙa waje na ce, "Baba, don Allah ɗan koma gida ka ɗauko mini." Bai ce a'a ba. Ya zaro littafin daga aljihun mota, ya cire murfin biro da haƙori, ya ce, "To Hajiya, me zan rubuta a wajen dalilin tafiya?" Na ce ya bari. Naira 200 na ba yaron kanti ya hau acaɓa ya ɗauko.

Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu za mu duba yadda ake adana magani a gidan da ba firji, musamman sirop ɗin yara da ake haɗawa da ruwa.